Daƙiƙa Sittin a Ɗakin Gwaji, Kwana Biyu a Cikin Randa

A shekarar 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Yi Cui, suka wallafa sakamakon wani gwaji a mujallar Nature Water. Sun ɗebi ruwa mililita 200, wanda kowace mililita ɗaya a cikinsa ke ɗauke da ƙwayoyin bakteriyar E. coli kimanin miliyan ɗaya, suka barbaɗa masa wani lallausan gari, suka kaɗa, suka ajiye shi a rana. Da daƙiƙa 60 ta cika ba a samu ko ƙwaya ɗaya mai rai ba. Suka sa maganaɗisu suka tsamo garin daga ruwan, suka maimaita aiki da shi har sau 30. Garin haɗi ne na abubuwa huɗu marasa tsada: oksaid na alminiyam, salfaid na molibdinam, jan ƙarfe, da oksaid na baƙin ƙarfe wanda shi ne maganaɗisun ke kamawa. A duniyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum biliyan 1.7 ke shan ruwan da najasa ta taɓa, dole irin wannan labari ya ɗauki hankali. Sai dai a ganina an daɗe ana auna wannan fasaha da ma'aunin da bai dace ba. Ana gasa a kan wa zai fi saurin kashe ƙwayar cuta a kofin gilashi, alhali abin da ke raba yaro da gudawa shi ne halin da ruwan yake ciki a lokacin da ya kai shi baki, kuma wannan lokaci yakan zo awa goma, ko kwana ɗaya, ko kwana biyu bayan rana ta gama aikinta.

Fasahar kanta ba sabuwa ba ce. A 1972 Akira Fujishima da Kenichi Honda na Jami'ar Tokyo suka nuna cewa idan aka haska titaniyam dayoksaid, wato farin sinadarin nan da ake sawa a fenti da man goge haƙori, yana iya raba ruwa zuwa iskar haidirojin da oksijin. Shekara 13 bayan haka, a 1985, Tadashi Matsunaga da abokan aikinsa a Japan suka gwada shi a kan ƙwayoyin cuta, ya kashe su. Yadda abin ke faruwa shi ne, idan haske mai isasshen ƙarfi ya sauka a kan ƙwayar garin, sai ya tunkuɗe ilektiron daga mazauninsa ya bar gurbi. Ilektiron ɗin ya haɗu da oksijin da ke narke a ruwa, gurbin kuma ya fizgi wani ilektiron daga ruwan, daga nan sai a samu wasu gutsattsarin sinadarai masu tsananin ci, ciki har da haidirojin feroksaid, wanda ake wanke ciwo da shi a asibiti. Su ne ke huda fatar bakteriya, su lalata kitsen da ke riƙe da ita, har abin da ke ciki ya zube. Dalilin niƙa garin ya koma ma'aunin nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita, shi ne ƙara yawan fuskar da haske zai sauka a kai. Garin P25, wanda kusan kowane ɗakin gwaji ke kwatanta sabon abu da shi, girman ƙwayarsa kimanin nanomita 21 ne, yayin da kaurin gashin kai ɗaya ya kai dubban nanomita masu yawa.

Ba za a yi wa masana adalci ba idan aka ce ba su ci gaba ba. Babban raunin titaniyam dayoksaid shi ne sai hasken ultrabayolet ke motsa shi, wanda bai wuce kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na ƙarfin ranar da ke isowa ƙasa ba. Saura duk asara ne a wajensa. A 2001 Ryoji Asahi da tawagarsa a cibiyar binciken Toyota suka nuna cewa cusa masa naitirojin na sa shi amsa hasken da ido ke gani. A 2009 aka fito da wani sinadari na kabon da naitirojin zalla, wanda babu ƙarfe a cikinsa, shi ma yana aiki da haske na yau da kullum. A 2016 tawagar Stanford ta ƙera wani ɗan faranti mai girman kimanin rabin kan sarki, ya kashe fiye da kashi 99.999 na bakteriya cikin minti 20. Daga minti 20 zuwa daƙiƙa 60 cikin shekara bakwai nasara ce ta gaske. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Matsala ta farko ita ce irin ruwan da ake gwaji da shi. Galibin rahotannin da ke ba da waɗannan alƙaluma masu burgewa ana yin su ne da tataccen ruwa, a ɗan sa masa gishiri, a zuba masa nau'in bakteriya guda da aka rena a ɗakin gwaji. Ruwan kududdufi ko na gulbi ba haka yake ba. Yana ɗauke da laka da ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi, na rijiya kuma sau da yawa yana da narkakkun gishiri irin su bayikabonet. Gutsattsarin sinadaran nan ba su san abokin gaba ba, duk abin da suka fara cin karo da shi suke ci, kuma mafi ƙarfinsu ba ya rayuwa ko da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Saboda haka a ruwa mai datti yawancinsu kan ƙare a kan dattin tun kafin su iske ƙwayar cuta. Lakar kuma tana tare hasken, tana ba bakteriya wurin fakewa, tana toshe fuskar garin. Ga kuma maganar lokaci, wadda ta fi shafar ƙasashenmu kai tsaye. A annobar kwalara ta 2021 Hukumar Daƙile Cututtuka ta Najeriya ta ƙirga fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,600 suka rasu, kuma jihohin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara kaɗai sun ɗauki fiye da rabin adadin. A shekarar ce cutar ta addabi Maraɗi da wasu jihohin Nijar. Ta fi ƙamari ne a tsakiyar damina, lokacin da ambaliya ke kwaso najasa ta zuba a rijiyoyi, ruwa ya yi ja wur, sama ta wuni a lulluɓe da hadari. Wato ranar da aka fi buƙatar fasahar ita ce ranar da ta fi rauni. A watan Afrilu, da rana ke dukan ƙasa babu ko ɗigon girgije, za ta yi abin mamaki. A watan Agusta fa?

Za a ce ai ana iya tace ruwan tukuna, kuma gaskiya ne. Alam na kwantar da laka, haka ma dakakken irin zogale, wanda matan karkarar Sudan suka daɗe suna amfani da shi a ruwan Nilu. To amma kowane mataki da aka ƙara aiki ne aka ƙara wa mace guda wadda tuni girki da reno da surfe suka cika mata wuni.

Matsala ta biyu ta fi nauyi, kuma babu wani sabon gari da zai kawar da ita, domin tana cikin asalin yadda fasahar ke aiki. Da zarar an janye haske, kisa ya tsaya. Ɗan feroksaid ɗin da ya rage yakan watse ya koma ruwa da oksijin cikin ɗan lokaci, abin da masu tallata fasahar ke kawowa a matsayin falala, cewa ba ta barin komai a ruwa. Rashin barin komai ɗin nan kuwa shi ne gibinta. A duba hanyar da ruwa ke bi a gida mai matsakaicin hali a Kano ko Damagaram. Mai ruwa ya turo kura da jarkoki waɗanda cikinsu ya yi gansakuka, aka juye a randa ko a baho, aka rufe da faifai ko ba a rufe ba. Moɗa ɗaya ce ke shiga ta fita tun safe har dare. Yaron da ya fito daga banɗaki ya zura ta har da yatsunsa, ya sha, ya ajiye ta a ƙasa, ƙanwarsa ta ɗauka ta sake tsomawa. Ruwan da ya shiga randar da tsabtarsa da hantsi, kafin la'asar ya zama wani abu dabam. Wannan ba zato ba ne. Wani nazari da Jim Wright da Stephen Gundry da Ronan Conroy suka wallafa a 2004, wanda ya tattaro bincike daga ƙasashe masu tasowa da dama, ya nuna cewa ingancin ruwa na faɗuwa sosai tsakanin inda aka ɗebo shi da inda ake shan sa, kuma faɗuwar ta fi yawa a inda tushen ruwan yake da tsabta tun farko. Kulorin, wanda birnin Jersey na Amurka ya fara sawa a ruwan famfo a kai a kai tun 1908, ya yi zarra ne saboda yana barin ragowarsa a cikin ruwan. Hukumar Lafiya ta Duniya na so a samu aƙalla miligiram 0.2 na ragowarsa a kowace lita a inda ruwan ya isa ga mai sha. Shi maigadi ne da ke kwana a gidan; fasahar haske kuwa maigadi ce mai ƙarfin gaske da ke tashi daga aiki da faɗuwar rana. Bugu da ƙari, bakteriyar da aka raunata ba a ƙarasa ta ba tana iya gyara kanta a cikin duhu ta sake yaɗuwa, abin da masana a Suwizalan da Sifen suka sha gani a gwaje-gwajensu.

Akwai darasi a tarihin wata dabara mai kama da wannan, wadda ta riga ta fita daga ɗakin gwaji ta shiga gidaje. Tun farkon shekarun 1980 Aftim Acra na Jami'ar Amurka da ke Bairut ya nuna cewa rana kaɗai na iya tsabtace ruwa a kwalba mai haske. Cibiyar Eawag ta Suwizalan ta gyara dabarar ta yaɗa ta da sunan SODIS: a cika gorar roba da ruwan da bai yi duhu ba, a kwantar da ita a rana awa shida, idan akwai hadari a bar ta kwana biyu. Ba a sayen komai. A ƙasar Masai ta Kenya an ga amfaninta, har aka samu cewa yara 'yan ƙasa da shekara shida da ke shan irin wannan ruwa sun fi tsira lokacin da kwalara ta ɓarke. Amma da aka yi babban gwaji a ƙauyuka 22 na Bolibiya, wanda aka wallafa a 2009, sai aka tarar kusan kashi 32 cikin 100 ne kawai na gidajen ke bin dabarar, duk da wayar da kan da aka yi ta yi, kuma ba a ga raguwar gudawa da za a iya dogara da ita ba. Rana ba ta gaza ba, mutane ne suka gaji. Wani lissafi da Joe Brown da Thomas Clasen suka fitar a 2012 ya ƙara fito da girman abin: inda ruwa ya gurɓace sosai, idan mutum ya sauka daga shan tsabtataccen ruwa a kowane lokaci zuwa kashi 90 cikin 100 na lokaci, yana iya rasa har kashi 96 na amfanin da ake sa rai ga lafiyarsa. Kofi ɗaya a gidan maƙwabta ko a gona ya isa ya rushe ƙoƙarin mako guda. Idan dabarar da ba ta buƙatar komai sai gora da rana ta sha wannan wahala, me zai sa a yi tsammanin dabarar da ke buƙatar a auna gari, a kaɗa, a jira, a tsamo da maganaɗisu, a wanke, a adana, za ta fi ta karɓuwa? Rage jira daga awa shida zuwa minti ɗaya zai taimaka, ban musa ba. Sai dai ya rage wahala ɗaya ne ya kawo uku.

Masu kare fasahar na da hujja mai ƙarfi, kuma ya kamata a saurare ta da kyau: kulorin ma ba tsarkakakke ba ne. Mutane da yawa ba sa son warinsa, wasu na zarginsa da abin da bai yi ba. Dole a riƙa sayo shi ana kaiwa, kuma ruwansa na rasa ƙarfi idan ya daɗe a zafi. Tun 1974 Johannes Rook ya gano a Rotterdam cewa idan ya haɗu da ruɓaɓɓen abu a ruwa yana haifar da wasu sinadarai da ake tsoron illarsu a tsawon shekaru. Sannan akwai ƙwayoyin da ba ya iyawa da su. Kiriptosporidiyam, wadda ke cikin manyan masu jawo mummunar gudawa ga jarirai a Afirka da kudancin Asiya, tana da ɓawo da kulorin na yau da kullum ba ya hudawa; ita ce ta kwantar da mutum kusan 400,000 a birnin Milwaukee na Amurka a 1993, a ruwan da aka riga aka sa wa kulorin. Duk wannan gaskiya ne. Abin da ya nuna shi ne akwai gurabe da kulorin ya bari, waɗanda haske zai iya cikewa. Bai nuna cewa za a iya ajiye kulorin ba. Game da wari da mantuwa kuwa, an riga an samo amsa mai sauƙi. A wani gwaji da aka yi a Dhaka da Tongi na Bangaladash, aka wallafa a 2019, an maƙala wata na'ura marar lantarki a tankunan unguwa, tana sakin kulorin ɗan kaɗan yadda ba a jin ɗanɗanonsa, ba tare da mai gida ya yi komai ba. Gudawar yara ta ragu da kusan kashi 23 cikin 100. Wannan adadi na yara ne, ba na bakteriya ba, kuma irinsa ne ya kamata a nema daga kowace sabuwar dabara.

Sai batun garin kansa, ina yake zuwa bayan ya gama aiki? A nan masana na cikin tsaka mai wuya. Idan aka bar shi yana yawo a ruwa ya fi kisa, domin kowace ƙwaya na samun haske tana kuma gogar bakteriya, amma dole a cire shi tas kafin a sha. Idan aka manne shi a jikin gilashi ko yumɓu ko raga, an huta da cirewa, amma ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Maganaɗisun Stanford dabara ce mai kyau ta fita daga wannan ƙangi, sai dai maganaɗisun da ya kwashe gari a kofi a hannun ƙwararre dabam yake da wanda za a zura a jarka mai lita 25 a hannun yarinya 'yar shekara goma. Kuma ba a gama sanin abin da shan ɓurɓushin ke yi wa jiki a tsawon lokaci ba. A 2021 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce ba za ta iya kawar da yiwuwar titaniyam dayoksaid na taɓa ƙwayar halitta ba idan an ci shi, a 2022 Tarayyar ta haramta sa shi a abinci. Wasu ƙasashe, har da Ingila da Amurka, ba su bi ta ba, don haka maganar ba ta mutu ba. Amma abin da masu hali ke taƙaddama a kan sa shi a alawa, bai kamata a miƙa wa talaka shi ya kaɗa a ruwan jaririnsa ba sai an auna abin da ke saura a ruwan, an kuma auna jan ƙarfen da ke zubowa daga garin bayan ya tsufa.

Hujja ta ƙarshe da ake kawowa ita ce kowace fasaha daga ɗakin gwaji take farawa, a ba ta lokaci. Wannan magana za ta fi ƙarfi da a ce jiya aka fara. Tun 1985 aka yi gwajin Matsunaga, an wallafa dubban takardu, kuma inda titaniyam dayoksaid ya samu kasuwa ta gaske shi ne gilashin taga mai wanke kansa, irin wanda kamfanin Pilkington ya fitar a 2001, da tayil ɗin bango a Japan. A ruwan sha har yanzu yana bakin ƙofa. Dalili ɗaya shi ne tsarin ladan bincike: sabon sinadari mai sauri na shiga babbar mujalla cikin wata shida, amma bin gidaje ɗari biyar na shekara biyu ana auna ruwan randa aiki ne mai tsada, mai gajiyarwa, wanda kuma zai iya ƙarewa da labari marar daɗi. Ma'aunin kuwa yana nan a shirye. Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ke da tsarin gwada kayan tsabtace ruwan gida, inda ake gwada su da ruwa mai kyau da kuma ruwan da aka ɓata da gangan, a kan bakteriya da bairos da ƙwayoyi masu ɓawo gaba ɗaya. Kafin abu ya samu tauraro uku sai ya rage bakteriya da kashi 99.99, bairos da kashi 99.999, masu ɓawo da kashi 99.99. Kashe E. coli kaɗai bai kai mutum ko'ina ba a wannan jarrabawa.

Inda nake ganin fasahar za ta yi amfani na gaske shi ne a wurin da aka ɗauke nauyin daga kan uwar gida aka ɗora wa na'ura da ma'aikaci. Cibiyar binciken hasken rana ta Almeriya a kudancin Sifen ta shafe shekaru tana gwada bututan gilashi da aka jera a kan madubai masu lanƙwasa, ruwa na gudana a ciki, madubin na tattaro haske har wanda ya watsu ta cikin girgije. Irin wannan, idan aka manne sinadarin a jikin bututun, aka sa matata a gabansa da ɗigon kulorin a bayansa, zai dace da makarantar kwana ko ƙaramin asibitin karkara ko sansanin 'yan gudun hijira. Haske ya yi maganin abin da kulorin ba ya iyawa, ya kuma rage dattin da zai sa a buƙaci kulorin mai yawa, kulorin kuma ya raka ruwan har cikin randa. Haka nan a ruwan da asibitoci ke zubarwa, mai ɗauke da ragowar magunguna da bakteriyar da ta daina jin magani, da ruwan rini da na jima irin wanda ke fita daga unguwannin masana'antu na Challawa da Sharaɗa a Kano, fasahar na da abin da kulorin ba shi da shi, domin tana farfasa sinadaran kansu. A can babu wanda zai sha garin, kuma akwai injiniya a kusa.

Jami'o'inmu na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai ba za su iya gasar ƙera sabbin sinadarai da Stanford ba, kuma ba sai sun yi ba. Suna da abin da Stanford ba ta da shi: ruwan Agusta, hazon Janairu, da randunan da za a auna. Duk hukuma ko ƙungiyar agaji da aka kawo wa tallar irin wannan na'ura, ta nemi a nuna mata sakamakon gwaji da ruwan yankin a lokacin damina, da adadin ƙwayoyin cuta a ruwan bayan ya kwana a gida, da yawan garin da ya saura a cikinsa. Idan babu waɗannan uku a rubuce, kuɗin ya tafi ga kulorin a bakin tanki da jarka mai murfi da famfo.